Ok-bun da Abokiyar Ruwanta

A ƙauyenmu da ke gabashin tsibirin Jeju, in kana son sanin matsayin mace a cikin masu kurme, ba sai ka tambayi kowa ba. Bari su fito daga teku su taru a zagayen dutsen da suke jin wuta, ka duba inda kowacce ta zauna. Gwanaye suna jikin katanga, inda iska ba ta taɓa musu baya. 'Yan koyo da masu gajeren numfashi suna can ɓarin da hayaƙi ke bi, suna share hawaye suna juya wa manya dankali a toka. Tun tuni hukuma ta gina musu ɗakin sauya kaya mai ruwan zafi, amma ba su bar wutar nan ba, don a bakinta ake gulma, a bakinta kuma ake yanke magana.

Bu Ok-bun ta fi shekara ashirin tana zama a jikin katangar, a kan wani faffaɗan dutse da ko karen unguwa ya san nata ne. Gajera ce mai faɗin kafaɗa. Zurfin ruwa ya cinye mata kunnen hagu, shi ya sa ko gaisuwa take yi sai ka ɗauka faɗa ne. A wurin uwarta ta koyi kurme tun ba ta yi ƙirgen dangi ba. Mijinta giya ta kai shi kabari da wuri, da numfashinta ta ciyar da ɗansu har ya gama makaranta ya tafi birnin Busan. Takan bar gorarta ta iyo tana lilo a saman ruwa da raga a ɗaure a gindinta, ta sulale ƙasa, ba tukunyar iska ba komai, daga gilashin fuska sai ɗan ƙarfen ɓamɓara. Sai hankalin mai kallo ya fara tashi sannan ta ɓullo, a hannunta jeonbok, babban dodon koɗin nan mai manne wa dutse, wanda masu gidajen abinci ke rububinsa.

Amma duk gwanintar mace, ba ta shiga tekunmu ita kaɗai. Kowacce tana da abokiyar ruwa. Ɗaya ta nutse, ɗaya na kwance a kan gora tana kallon inda ta shiga. Wadda ta taso takan saki numfashin da ta riƙe da wani siririn fito na baki, abokiyarta ta ji ta san da sauran rai. Wadda ba ta da abokiyar ruwa kuwa, ko kifi ne ya haife ta, a tudu za ta tsaya.

Abokiyar ruwan Ok-bun ita ce Yang Chun-sil, doguwa, siririya, mai yawan dariya, wadda Ok-bun ta ɗan girme ta. Tun suna 'yan mata suke tare. Suna da wata ɗabi'a tasu su biyu: in Chun-sil ta taso ta yi fito, Ok-bun kan amsa mata da wani gajere, ko da kuwa tana ganinta da idonta. Wata shekara igiyar masunta ta sarƙe ƙafar Chun-sil a ƙasan ruwa. Ok-bun ta ji fiton ya yi jinkiri, ta bi ta, ta yanke igiyar, ta jawo ta sama da gashi. Tun daga nan babu biki ko zaman makoki da Chun-sil ba ta ba da labarin nan ba. "Raina kyauta ce daga wurin Yaya," haka take rufewa, har mutane suka haddace suna ƙarasa mata.

Da korona ta shigo ƙauyen, Chun-sil na cikin na farkon kamuwa. Mutane suka yi yadda aka ce: a ajiye abinci a bakin ƙofa, a ƙwanƙwasa, a yi gaba. Ok-bun ta dafa faten shinkafa da jeonbok, ta tura ƙofa ta shiga har ɗaka.

"Ke Yaya, fita! So kike ki kwasa?" in ji Chun-sil tana tari.

"Yi min shiru ki karɓi cokali. Cutar da ta kasa kayar da ramammiya irinki, ni za ta iya da ni?"

Ta kuwa kwasa. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, ya wuce kamar mura. Chun-sil ta miƙe garau ta koma ruwa. Ok-bun ma ta tashi daga shimfiɗa, amma numfashinta bai dawo ba. In ta share tsakar gida sai zuciyarta ta hau dukan uku-uku. In ta je kanti sai ta tsaya tana kallon kaya, ta manta abin da ya kawo ta. Ga wata irin gajiya da barci ba ya wankewa.

Ɗanta ya zo ya kai ta babban asibiti a birni. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ɗebi jini, aka ce komai lafiya lau. Wannan lafiya lau ɗin ta fi cutar yi mata illa, don kafin ta iso gida labari ya riga ta: hoto bai nuna komai ba. A bakin wuta aka fara magana ƙasa-ƙasa. Wannan ta ce tsufa ne, waccan ta ce tsoron ruwa ne ya kama ta daga baya, wata ta ce ai mai ɗa a Busan ta samu wurin jingina.

Sai Ok-bun ta yi abin da kowace mai kurme ta tashi a kai: in jiki ya ƙi, a cije a tilasta shi. Ta sa baƙar rigarta ta roba ta shiga. Ko tsayin mutum biyu ba ta nutsa ba ta taso tana haki, Chun-sil ce ta ja gorarta zuwa gaɓa. Washegari ko cokali ta kasa ɗagawa, ta yi kwanaki a kwance tana jin fiton mata daga nesa.

Ba ta daddara ba. Da ta ɗan samu, sai ta ce ai numfashi horo ne, yadda ta koye shi tana yarinya haka za ta sake koyo. Ta cika ruwa a babbar robar da take jiƙa kabeji in za ta yi kimchi, tsimammen kabejin nan namu mai yaji, ta durƙusa a banɗaki, ta tsoma kai ta riƙe numfashi. Abin da ta sani bayan nan shi ne ta farka a ƙasa, roba ta kife, goshinta na zubar da jini. Macen da ta san ƙasan teku kamar tsakar gidanta, ruwan roba ya sumar da ita. Ba ta gaya wa ɗanta ba. Masu tambaya ta ce musu ƙofa ce ta buge ta. Chun-sil kaɗai ta ji gaskiya, da ta zo dubiya ta tsare ta da ido.

"Ki rantse ba za ki faɗa ba," in ji Ok-bun. "In suka ji, tawa ta ƙare."

"Haba Yaya! Ni? Na rantse da kabarin uwata. Ki kwanta ki warke abinki. Ko shekara goma ce ina jiran ki. Kafin nan zan riƙa raɓar wasu in zama ta ukunsu. Gorarki ma a kan dutsenki zan ɗora, in ga 'yar da za ta ɗauke."

Haka kuwa ta yi. Ok-bun ba mai kuka ba ce, amma ranar da aka gaya mata gorarta na zaune a jikin katanga tana jin wuta a madadinta, ta shiga ɗaki ta yi mai isarta.

Wadda ta fara ba ciwon suna ita ce Nas Hyeon ta ƙaramin asibitin ƙauye. Ta ce mata doguwar korona ce, kuma ba ita kaɗai ba ce. Kowace Laraba nas ɗin tana tara su a zauren tsofaffi: wani direban bas mai suna Kang da ya ajiye tuƙi saboda jiri, wata malamar makaranta da kalmomi ke guje mata a tsakiyar magana, da wasu mutum biyu daga gonakin lemo. Suna zama a kan daɓe mai ɗumi, suna koyon jan numfashi a hankali ta hanci, suna ɗan miƙa gaɓoɓi daga zaune.

"Samchun," in ji nas ɗin, yadda muke kiran duk wanda ya girme mu, "dokar ɗaya ce. Ki tsaya tun kafin ki gaji."

"Yarinya, da muna tsayawa kafin mu gaji, da yunwa ta share tsibirin nan tun ba a haifi uwarki ba."

Kang ya ce, "Ki dai bi ta, Samchun. Ni da na yi gardama, kwanciya na yi ta yi ina kallon rufi. Yanzu duk gizo-gizon ɗakina na san shi da sunansa."

Ok-bun ta galla masa harara, amma Laraba ta gaba ta dawo. Ta fi kowa shan wuyar darasin, don abin da ta yi rayuwarta a kai aka ce ta bari. Ta koyi yanka kabeji a zaune. Ta koyi tafiya tashar jiragen ruwa tana hutawa a kan katangar gonaki tun ƙafa ba ta nemi hutu ba, ko da masu wucewa na kallo. Wani makon a ci gaba, wani makon a koma jiya, ta zo zauren tana ƙunƙuni, malamar makaranta ta miƙo mata shayi. A zauren nan ba wanda ya taɓa tambayar ta me hoto ya nuna. Sannu ba ta hana zuwa: da shekara ta zagayo, tana iya zuwa gaɓa ta dawo, washegari kuma ta tashi da ƙafarta.

A gefen ƙauyenmu akwai wani lungun ruwa mara zurfi da muke kira tekun kakanni. An keɓe shi ne don tsofaffin masu kurme, gwanaye ba sa taɓa komai a ciki. Nas Hyeon ta yi shawara da likita ta zo da magana: Ok-bun za ta iya fara shiga can, ɗan lokaci kaɗan, ranar da teku ya kwanta, in har akwai wadda za ta kwanta a kan gora kusa da ita, ba ta kurme ba ta komai sai kallo, har lokacin kamun bana ya fita.

Da a da ne wani ya haɗa sunan Ok-bun da tekun kakanni, da mari ya biyo baya. Yanzu kuwa gida ta koma ta fito da gilashinta ta goge shi da ganyen tazargade don kada ya yi hazo a ruwa. Wa zai yi mata gadi? Tambayar ma ba ta zo mata ba. Ta gaya wa Chun-sil suna zaune a ɗakinta. Chun-sil na ɓare lemo. Ta ɓare shi tas, ta tsince zaren jikinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "To, Yaya. Sai ranar." Kunne ɗaya gare ta, Ok-bun, shi ma murna ta toshe shi. Ba ta ji komai a muryar ba, kamar yadda ta ƙi ganin cewa zuwan Chun-sil ya ja baya tun bazara.

A wurinmu babu mai komawa ruwa bayan doguwar jinya sai ƙungiya ta yarda, kuma ba ƙuri'a ake kaɗawa ba. Magana ake yi har baki ya zo ɗaya. In mace ɗaya ta kafe, zance ya mutu.

Ranar da za a yi maganar, bayan mata sun fito daga ruwa, Ok-bun ta iso zagayen dutse tare da nas. Gorarta idonta ya fara nema. Tana can rataye a ƙusa ta waje, rana ta ci launinta, alamar ba jiya aka mayar da ita can ba. A kan faffaɗan dutsen kuwa Chun-sil ce ta miƙe ƙafa, kusa da ita Mi-ran, wata matashiya da ta baro birni ta zo koyon kurme, tana ɓare mata dankali. Chun-sil ta yi kamar za ta tashi, ba ta tashi ba. Wata ta matsa wa Ok-bun a ɓarin hayaƙi. Ok-bun ta sauko da gorarta ta zauna ta rungume ta.

Nas ta yi bayani dalla-dalla. Shugabar ƙungiya, Samchun Gye-wol, tsohuwar da duk ta ga koyonsu, ta gyaɗa kai.

"Ni ban ga aibu ba," in ji ta. "Tekun kakanni ai don irin wannan aka ajiye shi. Saura mai gadi. Chun-sil, ai ke ba sai an tambaye ki ba ko?"

Chun-sil na kallon wuta. "Ni ban yarda ba."

Ok-bun ta juyo da kunnenta mai ji. "Me ta ce?"

"Cewa na yi ban yarda ba, Yaya." Wannan karon da ƙarfi. "Ku ba ku sani ba, ni na sani. Matar nan a banɗakinta ta suma. Kanta ta tsoma a robar kimchi ta faɗi ta fasa goshi. Ku dubi tabon, ga shi nan. Ba wata ƙofa da ta buge ta."

Duk idanu suka koma goshin Ok-bun, har na nas ɗin, wadda ba ta taɓa jin labarin ba. Wata daga baya dariya ta kufce mata, ta yi maza ta mayar da ita tari.

"Wannan bara ne," in ji Ok-bun. Muryar da kan cika gaɓa ta koma 'yar ƙarama. "Tun ban fara zuwa Laraba ba. Kin sani bara ne."

Nas ta ce, "Samchun Chun-sil, jikinta na yau ba na bara ba ne, ni shaida ce."

"Ke za ki shiga ki ɗauko ta?" Chun-sil ta katse ta. "Kin iya ruwa? Ni za a bar wa. Ni zan jawo gawarta in kai wa ɗanta. Ba da ni ba."

"Kabarin uwarki fa, Chun-sil?" in ji Ok-bun.

"Uwata ma da tana nan abin da za ta ce ke nan."

Da ta tsaya a nan, wataƙila da wata rana an shirya. Amma bakin Chun-sil bai taɓa sanin birki ba.

"Kuma shekara guda ina kwance a ruwan gwiwa ina gadi? Ni ma ba yarinya ba ce, nawa suka rage min a ruwa? Na riga na saba da Mi-ran."

Mi-ran ta sunkuyar da kai. Samchun Gye-wol ta bi fuskoki da kallo ko wata za ta ce ni. Ba wadda ta ce. Macen da abokiyar ruwanta ta ƙi, wa zai ɗauka?

"To, a bar shi sai wata shekara," in ji tsohuwar. Duk wadda ke wurin ta san ma'anar wata shekara ga mace mai sittin da ɗoriya.

Muna da wata al'ada mai kyau. In 'yar koyo ta fito da raga wayam, ko tsohuwar da ƙarfinta ya ƙare, gwanaye kan ɗebi daga kamunsu su zuba mata, kada ta shiga gida da kunya. Ok-bun ta zuba wa mata da yawa. Amma ba a yi wa tsara. Da aka tashi, Chun-sil ta zaɓi manyan jeonbok daga ragarta, ta zo ta durƙusa ta zuba a busasshiyar ragar Ok-bun, a gaban kowa, idanunta jawur.

"Ki yi fate, Yaya. Yana ƙara ƙarfi."

Ok-bun ta miƙe. Ta saɓa gorarta ta fita, nas na biye da ita tana magana, ba ta ji ko ɗaya ba.

Har yau ƙauyen a rabe yake. Wasu sun ce ran Ok-bun Chun-sil ta ceta, alherin igiya ta rama. Ba a ce tsoronta ƙarya ne ba. Amma shekara guda tana shiga ɗakin matar nan tana ɓare mata lemo. Me ya hana ta ce, "Yaya, tsoro nake ji, ba zan iya ba," su biyu, ƙofa a rufe? Sai ta bari aka zo bakin wuta, ta tuɓe ta a gaban 'yan koyo da sirrin da ta rantse a kansa. Wannan cin amana ne, ko da me aka lulluɓe shi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, shi ya sa ba a taɓa jin Ok-bun ta zagi korona ba.

Washegari Laraba ce. Da safe, bayan jirgi ya kai masu kurme can waje, Ok-bun ta ɗauki bokitin da ta kwanar da jeonbok ɗin a cikin ruwan teku. Ta bi hanyar gaɓa yadda aka koya mata, tana hutawa a kan katanga tun ba ta gaji ba. A tekun kakanni ta naɗe wando ta shiga iya gwiwa, wannan kam babu dokar da ta hana. Ta mayar da su ɗaya bayan ɗaya a gindin dutse, tana danna kowanne da tafin hannu har ya kama.

Can nesa gorori na lilo, iska na kawo fiton mata. Ko a cikin nawa ne tana iya tsinto na Chun-sil, mai 'yar karkarwa a ƙarshe. Ta ji shi. Ta hango gorar Chun-sil ta koma ba kowa, ta san ta sake nutsewa. Ba ta so ba, amma ƙirjinta ya riƙe numfashi tare da ita yadda ya saba tun suna 'yan mata. Shiru. Shirun ya wuce iya abin da Chun-sil ke ɗauka. Ok-bun ta saki bokiti ta ƙara taku, ruwa ya kai mata cinya, ya kai ƙugu, tana zagin yarinyar nan Mi-ran da ba ta san lokacin da ake bin mutum ƙasa ba.

Sai fiton ya tashi, siriri, mai karkarwa. Leɓɓan Ok-bun suka tsuke da kansu za su amsa. Kafin ta tara iskar, wani gajeren fito ya amsa daga can. Ashe har wannan ma Chun-sil ta koya wa yarinyar.

Ta tsaya a ruwan har sanyi ya fara cin ƙashinta. Sannan ta kamo bokitinta da ruwa ya fara ja, ta fita, ta zauna a kan dutse har zuciyarta ta lafa. Ta tashi ta hau hanyar zauren tsofaffi da jiƙaƙƙen wando, ta bar wa teku kunnenta na hagu.